Wace na'ura za ka saya don awon motsewar dutse mai rauni?

Mai labo a Tawa da ke karɓar samfurin farin dutsen Adar, ko dutsen yashi da marmara daga wajen Yamai, yakan fara tambayar ƙarfin injin matsa. Ni a wurina ba nan ya kamata kuɗi su fara zuwa ba. Dutse mai rauni, wanda ISRM, ƙungiyar duniya ta masana injiniyancin dutse, ta sa ƙarfinsa tsakanin megafaskal (ma'aunin matsi) 5 zuwa 25, ba ya wuyar fashewa. Wahalar tana wajen sanin nawa ya motse kafin ya fashe, don daga nan ake fitar da taurinsa, wato modil na Young, wanda injiniya ke lissafin nutsewar harsashin gini da shi.

Mafi araha shi ne agogon awo mai allura, ko LVDT guda, wato na'urar lantarki mai auna ɗan ƙaramin motsi, a kafa tsakanin farantan injin. Da sauƙin aiki, kuma agogon ba ruwansa da ɗaukewar wuta. Sai dai abin da yake karantawa ba motsewar dutsen kaɗai ba ce. Bakin samfurin dutse mai rauni ba ya goguwa sumul, ƙwayoyinsa na marmashewa inda suka haɗu da faranti, injin ma yana ɗan bayarwa. Duk wannan na shiga lissafi, sai dutsen ya fito da taushi fiye da yadda yake. Don koyar da ɗalibai ya isa, amma ba zan sa hannu kan rahoton gada da shi ba.

Na biyu ma'aunin liƙawa ne, ɗan siririn falle mai waya da ake mannawa a tsakiyar samfurin da gam. A dutse mai tauri da laushin ƙwaya babu kamarsa, kuma idan ka liƙa wani a kwance za ka samu adadin Poisson, wato gwargwadon faɗaɗar dutsen ta gefe idan an kwatanta da motsewarsa. Matsalar ita ce namu duwatsun. Mai ramuka yana shanye gam, gam ɗin ya ƙara wa wurin tauri. Mai danshi ba ya riƙe shi, in kuwa ka busar da samfurin don ya kama, ka sauya halin dutsen. Ƙa'ida ta ce tsawon ma'aunin ya kai ninki 10 na ƙwayar dutsen, saboda haka gajeru ba su da amfani a marmara. Kowane ɗaya sau guda yake aiki, kullum kana cikin oda daga waje. Zafin watan Afrilu ma yana karkatar da karatunsa idan ɗakin ba sanyi.

Wanda nake ba da shawara shi ne zobba biyu da ake ɗaurawa a jikin samfurin, ɗauke da LVDT biyu suna fuskantar juna. Suna auna tsakiya, nesa da bakin da ke marmashewa, ba ruwansu da danshi, kuma ka saya sau ɗaya ke nan. Da tsada a farko, kuma yana son hannu mai hankali: ƙusoshin zoben kan nutse cikin dutse mai taushi idan aka ɗaure da ƙarfi. Ka tambayi mai sayarwa ko zoben na shiga samfuri mai faɗin milimita 54, kuma ko akwai takardar daidaita awo.

Awo da kyamara da kwamfuta yana da kyau ga bincike a jami'a, amma ƙurar hunturu da sauyin haske sun sa ban ga dacewarsa da ƙaramin labo ba.

Saura maganar injin. Samfuri mai milimita 54 da ƙarfin megafaskal 10 yana fashewa a wajen kilonyutan 23. Injin gwajin kankare mai kilonyutan 2000 da kyar yake jin wannan nauyi, kuskurensa a nan babba ne. Nemi ma'aunin nauyi na kilonyutan 50 ko 100, da injin da za ka iya tafiyar da shi a hankali ba tare da fizga ba. Idan kuɗin ba su kai duka ba, zobba da ƙaramin ma'aunin nauyi za ka fara saya, ka ɗora su a injin da kake da shi.