Wanne Za A Fara Saya Cikin Tsofaffin Littattafan Labaran Hausa?

Duk wanda ya je wurin masu sayar da littattafai a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ke Kaduna da niyyar sayen tsofaffin ƙagaggun labarai, alhali kuɗinsa bai wuce na littafi ɗaya ko biyu ba, ya kamata ya fara sanin ko wane ne zai karanta littafin, domin littattafan da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ko da yake tsarar juna ne, kowanne da inda ya dosa.

Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya fi sauƙin shiga. Ramuwar gayya da ake ta yi tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe tana sa dariya har yau, kuma ya dace da matashin da bai saba da dogon karatu ba. Ganɗoki na Bello Kagara kuwa na mai son kirari da ƙarar takobi ne, sai dai a ganina farkonsa, inda ake gwabzawa da Turawa, ya fi sauran armashi.

Idan babba ne zai karanta, shawarata ita ce Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ƙaramin littafi ne, ba a cika shi da adon magana ba, kuma wannan natsuwar ce ta sa yake taɓa zuciya. Labarin yaron da aka sace aka ƙetara hamada da shi zuwa Masar ya isa ya girgiza mutum, amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mahaifiyarsa, wadda ta bar gida ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa cikin bauta. Marubucin bai tsaya yin wa'azi a kan cinikin bayi ba, ya bar wahalar matar ta yi magana, kuma ban san wani littafin Hausa na wancan zamani da ya kai shi nauyi ba. Jiki Magayi na John Tafida da East yana kusa da shi, tun da ya nuna yadda ƙwace wa mutum budurwa da ƙarfin dukiya ya haifi gabar da ta cinye har ɗan da bai ji ba bai gani ba.

Gidan da ke da yara, Magana Jari Ce ya fi kowanne riba, ko da yake bayan gasar ya fito, daga 1937. Kashi uku ne, kuma ana iya fara sayen na ɗaya, a karanta labaran aku ɗaya bayan ɗaya da dare.

Saura batun bugu. A nemi na kamfanin buga littattafai na Northern Nigerian Publishing Company (NNPC) na Zariya, a buɗe shi a gaban mai shago, a duba ko lambobin shafuka suna bin juna, ko ƙugiyoyin ƙ da ɗ da ɓ sun fito sosai. Bugun jabu yana da araha, amma tawadarsa a dushe take, zanen hotuna ya dagule, ga shi manne da gam da ke sakin takardu tun kafin a kai tsakiya. Tsohon kwafi na hannu, in dai shafukansa sun cika, ya fi shi ƙarko nesa ba kusa ba. Wanda ake turawa ta waya kuwa sau da yawa ba ya cika, kuma iyalan marubucin ba sa samun ko kwabo daga gare shi.