Kafin ka sayi kayan iyo a tekun Ingila mai sanyi

Wanda ya koyi iyo a kogin Kaduna ko a tafkin ƙauyensu, ranar da ya fara shiga teku a Brighton ko Dover zai gane cewa wannan wani ruwa ne daban. Ƙungiyar ceto ta RNLI tana lissafa duk ruwan da ya gaza digiri 15 a ma'aunin Salshiyas cikin ruwan sanyi mai haɗari, alhali tekun da ke kewaye da Birtaniya da Ayalan matsakaicinsa a shekara wajen digiri 12 ne. A kudancin Ingila sai ƙarshen Agusta da Satumba yake kaiwa 17 ko 18, a Fabrairu da Maris kuwa yana sauka 7 ko 8. Ruwa kuma yana zuƙe zafin jiki ninki wajen 25 fiye da iska. Wannan lissafin shi ya kamata mutum ya riƙe a ransa idan ya shiga kanti.

Babban kashin kuɗi yana kan rigar roba, wadda ake yi da niyofirin. Mutane da yawa suna zaton tana hana ruwa shiga. Ba haka ba ne. Ruwa kaɗan yana shiga ya kwanta tsakanin fata da roba, jiki ya ɗumama shi, ƙananan kumfar iska da ke cikin robar su hana zafin gudu. Saboda haka idan rigar ta yi maka burum-burum, sabon ruwan sanyi zai riƙa shiga ta wuya yana fita ta ƙafa, ka zubar da kuɗinka a banza. Rigar fam 120 da ta kama jikinka ta fi ta fam 600 da ta bar rami a gadon bayanka. Na nace a kan wannan domin rigata ta farko ta intanet na saye ta, na ɗauki lamba babba don kada ta matse ni, kuma ban yi minti goma a ruwa ba haƙorana suka fara haɗuwa. Ka je inda za ka gwada. Ta matse ko'ina amma ka iya jan numfashi sosai, ka iya wulwula hannu ba tare da kafaɗa ta riƙe ba.

Iri biyu za ka tarar. Akwai ta masu hawan igiyar ruwa da allo, wadda ake rubuta wa 3/2 ko 4/3 ko 5/4: lambar farko kaurin ƙirji da baya ce a milimita, ta biyu ta hannu da ƙafa. Tana da ƙarko, tana jure yashi da duwatsu, kuma sau da yawa ta fi arha. Aibinta kafaɗa. An yi ta ne don mai zaman jira a kan allo, idan ka yi iyon mita 500 a cikinta hannunka zai mutu murus. Ɗayar ita ce ta iyo zalla, irin ta su Orca da Zone3 da Huub, da masu sauƙin kuɗi na Decathlon. Kafaɗarta siririya ce, wani lokaci milimita 2 ko ƙasa da haka, cinya da ƙugu kuma har 5, wanda shi ne iyakar da dokar gasar iyo da keke da gudu ta yarda da shi. Kaurin cinyar yana ɗaga ƙafafu sama, jiki ya kwanta a kan ruwa. Sai dai fatarta mai santsi farce ma yana yaga ta, kuma ta gama-gari ba a yi ta don hunturu ba. Mai niyyar shiga ruwa daga Nuwamba zuwa Afrilu ya nemi mai shafi a ciki, wadda aka yi musamman don sanyi.

Ga wani abu da masu kanti ba kasafai suke tambaya ba: wane irin iyo kake yi? Idan iyon kwaɗo ne, kanka a sama, rigar da ta cika ɗaga ƙafa za ta gantsare maka baya, ƙafarka ta riƙa dukan iska. Akwai riguna da aka rage wa kaurin ƙafa saboda irinku, su za ka tambaya. Wanda bai tabbata zai ɗore ba kuwa ya ɗauki haya na kaka guda, kantuna da dama suna bayarwa. Rigar gwanjo ma ba laifi idan ka duba ɗinkin hammata da zif.

Za ka ga wasu suna shiga da ɗan kamfai da hula kawai. Al'adar masu ƙetare mashigin da ke tsakanin Ingila da Faransa ke nan tun Matthew Webb a 1875, kuma har yau dokarsu ba ta yarda da rigar roba ba. Shekaru suka yi suna sabar wa jikinsu da sanyi. Baƙo kada ya gwada kansa da su.

Ƙananan kaya su ne na fi so mutum ya kula da su. Hular niyofirin mai maɗauri a haɓa tana kashe ciwon kan nan da ke sara a goshi. Mai ƙaramin ƙarfi ya haɗa hular siliko biyu, ta saman ta zama mai launi mai ɗaukar ido. Safar hannu da ta ƙafa su matse a wuyan hannu da idon sawu, in ba haka ba su cika da ruwa su zama kaya. Abin toshe kunne ba tsada, kuma yana kare mutum daga tsiron ƙashi da ruwan sanyi ke haifarwa a cikin kunne bayan shekaru.

Sai gora. Duk wanda ya ga masuntan Argungu sun kife a kan gorarsu zai gane ta nan take: jakar iska ce mai ruwan lemo ko ruwan hoda, a ɗaura igiyarta a ƙugu tana bin ka a baya. Babban aikinta masu kwalekwale su hango ka, domin kan mutum cikin baƙar roba ɓacewa yake tsakanin raƙuman ruwa. Kana iya rungumar ta ka huta, amma ba rigar ceto ba ce. Ni na fi son mai aljihu, in sa waya da makulli da usur. A Birtaniya idan abu ya faru 999 ake kira a nemi masu gadin gaɓar teku.

Sanyi mafi tsanani bayan an fito yake zuwa. Zafin cikin jiki yana ci gaba da sauka, bayan minti goma ko ashirin sai makyarkyata ta kama mutum har yatsu su kasa ɓalla maɓalli. Doguwar alkyabbar nan mai gashi a ciki, irin ta Dryrobe, ta haura fam 100. Tana da daɗi, kuma 'yan'uwa mata da ke son sutura za su same ta da amfani ƙwarai, don ana sauya kaya a cikinta ba wanda ya ga komai, ana kuma ɗora ta a kan rigar roba har bakin ruwa. Amma babban tawul mai wuya da rigar ulu da tsohon kwat da filas ɗin shayi suna yin aikin. A guji wanka da ruwan zafi nan take, a guji tuƙi sai rawar jiki ta lafa.

Babu rigar da ke hana firgitar farko. Farfesa Mike Tipton na Jami'ar Portsmouth ya daɗe yana bincike a kai: ruwan sanyi na taɓa fata numfashi yake ƙwacewa, zuciya ta buga da sauri, sai bayan minti ɗaya zuwa uku ya lafa. A shiga a hankali, a tsaya har numfashi ya dawo. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya ga likita tukuna. Ka fara a Yuli ko Agusta, a bakin tekun da ke da masu ceto, tsakanin tutoci masu ja da rawaya, kuma da abokin iyo. Safar hannu da rigar hunturu za su iya jira sai Oktoba, lokacin ka san inda sanyi ya fi cizonka.