Abin awon tansiyo na jikka 14 da na saya bayan babbar kasuwar Maradi

Jar akuyarta Inna ta kai kasuwa ta sayar, ta ƙulle kuɗin a leda, ta ba direban da ke shigowa Maradi ya kawo mini. Da kuɗin nan na sayi kayan da zan yi magana a kansu: abin awon hawan jini na hannu, mai allura da ɗan famfon roba, wanda muke ce wa tansiyomet, haɗe da abin sauraren ƙirji, sitetoskof. Yau wata 11 suna cikin jakata.

Ina shekara ta 3 a sashen likitanci na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo. A gidanmu ni ce ta farko da ta wuce firamare, balle a kai ga bak, jarrabawar gama sakandare. Ƙauyenmu yana arewa da Gidan Rumji, kuma daga ƙofar gidanmu zuwa CSI, wato ƙaramin asibitin karkara, mafi kusa, in a amalanken shanu ne, sai a kai awa 2. Babu wanda zan tambaya a dangi wane iri ne mai kyau. Ƴan ajinmu da iyayensu ke aikin likita sun zo da sitetoskof mai tsada ƙirar Littmann tun ranar farko ta sitaj, wato koyon aiki a asibiti, wasu ma gadonsa suka yi. Ni kuwa da ƙafata na bi shaguna.

Shago na uku na tsaya. Ƙarami ne, safar hannu da auduga da farar riga duk a jibge, amma mai shi dattijo ne da ya san kayansa. Na ce, "Baba, jikka 15 gare ni, ba ƙari." Bai nuna mini na bango masu tsada ba. Ya sauko da kwali uku iri ɗaya, ya ce, "Ɗiyata, buɗe duka, ki duba allurar kowane." Biyu allurarsu tana kwance daidai kan sifiri, ɗaya ta ɗan gota sama. Ya ture wannan gefe. Sannan ya naɗe ɗamarar da ake ɗaurawa a hannu a jikin kwalba, ya hura ta har 200, ya ce mu jira mu gani ko iska za ta zurare. Ba ta motsa ba. Daga baya ya miƙo hannunsa ya ce in gwada a kansa. Ya bar mini a jikka 14, ya ce saura na hau kabu-kabu. Wannan gwajin na minti biyar shi ya sa nake tura ƙannenmu na shekara ta 2 wurinsa, don a shagon farko da na shiga ko kwalin ba a yarda na buɗe ba.

Tansiyomet ɗin kansa ba ni da ƙorafi mai yawa a kansa. Na gwada shi gefe da gefe da na ɗakin da nake sitaj, a kan mutum 10, bambancin bai taɓa wuce ɗan layi ɗaya ko biyu ba. Lambobinsa manya ne, ana karanta su ko da hasken tocilar waya, abin da ke da amfani sosai a daren gardi, wato aikin kwana a asibiti, in wuta ta ɗauke. Makunnin sakin iskar yana da laushi, kana iya sauke allurar a hankali, 2 zuwa 3 kowane daƙiƙa kamar yadda aka koya mana, har ka ji bugun farko ya shigo kunnenka, ka bi shi har ya ɓace. Wani likitan Rasha, Korotkoff, ya bayyana wannan sauti tun 1905, kuma har yau da shi muke aiki. Mu nan ba mu cewa 140 bisa 90, sai mu ce 14 bisa 9, tsofaffi ma sun iya: "Ƴar nan, nawa ta kai yau?"

An ba ni shawarar in sayi mai batir, wanda ake danna maɓalli ya nuna lamba. Na ƙi, kuma ban yi nadama ba. A ƙauyenmu batir mai kyau sai ranar kasuwa, kuma malamanmu sun gargaɗe mu cewa yawancin masu batir ɗin ba a gwada su a kan mata masu ciki ba, suna iya nuna ƙasa da gaskiya daidai lokacin da jinin ya yi mugun hawa. Ni kuwa saboda mata masu ciki na shiga wannan karatu. Yayata jijjiga ta kashe ta a cikinta na fari, ina aji 5 na firamare, a bisa amalanke, kafin a isa. Kwana uku tana kukan ciwon kai, ƙafafunta sun kumbura, kowa ya ce ai haka ciki yake. Ba wanda ya taɓa ɗaura mata ɗamara a hannu.

Da hutun damina na tafi gida da kayan. Na shimfiɗa tabarma a zauren Baba bayan la'asar, ranar farko mutum 6, kafin sati ya zagayo sai da na riƙa cewa wasu su dawo gobe. Ba na ba da magani, ban kai nan ba. Ina aunawa, in rubuta a takarda da kwanan wata, in ce a kai wa majo, babban malamin asibiti, a CSI. Ranar Laraba ta biyu matar ɗan ƙanen Baba ta zo, cikinta wata 8, ta ce idonta na ganin walƙiya-walƙiya. Na zaunar da ita ta huta, na auna: 16 bisa 11, jinin ya yi mugun hawa. Na sake bayan minti 15, a ɗaya hannun, haka dai. Na tafi wurin mijinta na ce, "Yaya, yau za a tafi, ba gobe ba." Ya ce shanun suna gona. Baba ne ya tashi da kansa ya nemo mai mashin. Daga CSI aka wuce da ita gaba a daren. Ta haihu, namiji, dukansu biyu suna nan. Awon ciki kyauta ne a Nijar tun 2006, amma ita sau ɗaya ta je, saboda nisa da aikin damina.

Sitetoskof ɗin kuwa, nan ne araha ba ta ado. Don awon tansiyo ya isa. Don jin ƙirjin yaro mai limoniya ma yana yi, tunda a nan ƙirga numfashi ne kan gaba, 50 a minti ga jariri ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ga wanda ya shekara har zuwa 5. Amma zuciya, a'a. Wata rana malaminmu ya sa mu saurari wata yarinya ƴar shekara 9 da ƙofar zuciyarta ta lalace bayan ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba. Kowa na cewa ya ji hucin, ni ban ji komai ba sai bugu. Wata ƙawata ta miƙo mini nata, nan take na ji shi ɓaro-ɓaro kamar ana hura wuta. Abin ya tsaya mini a rai, don irin waɗannan yaran su ne zan tarar a ƙauye, inda ba na'urar duba zuciya ba hoto, kunnena kawai. Ƴan robobin kunnensa ma masu tauri ne, bayan awa ɗaya sai ciwo, na canza su da dala 100. Kuma da zafin watan Afrilu bututun ya fara danƙo, yana kama ƙura, dole na ɗinka masa riga da guntun atamfa.

Sai matsalar ɗamara. Guda ɗaya ce a kwalin, ta manya. A hannun tsohuwa ramammiya tana zagayawa ta yi yawa, lambar sai ta sauka ƙasa da yadda take. A hannun mai jiki sosai ta yi kaɗan, lambar ta hau. Yara kuwa ba a maganarsu. A wata na 7 famfon ya fara zurar da iska ta gindi. Na koma shagon ina fargabar a ce in sayi sabo. Dattijon ya kwance shi, ya sa wani ɗan bawul, ya karɓi dala 60, ya tuna mini in riƙa gwada allurar da ta asibiti duk wata 6, kada in bar ta ta faɗi ƙasa.

Ga ɗalibin da kuɗinsa bai wuce nawa ba: ka sayi wannan tansiyomet, amma kada ka biya sai ka ga allura a sifiri, ka hura ka jira. Sitetoskof ɗin ka riƙe shi na wucin gadi, ka fara tari tun yanzu. Ni ina ajiye jikka 2 duk sanda burs, kuɗin tallafin ɗalibai, ta fito. Na kuma bar wa dattijon saƙon ƙaramar ɗamara, ya ce in leƙo bayan sati uku, in kaya sun iso daga Kano, kafin in koma gida hutun salla.