Tsakanin Heaton Park da Tatton Park, wanne za a kai yara?

Hajiya, tunda a Manchester kike, kuma da yara da baƙuwa daga gida za ki fita, ki zaɓi Heaton kawai. Asalinsa gidan gona ne na iyalan Egerton, babban ginin da ke tsakiyarsa kuwa James Wyatt ne ya tsara shi a 1772, sannan a 1902 hukumar birnin ta saye shi daga magadan ta buɗe wa kowa filin da ya kai wajen eka 600. Shiga kyauta ne, kuɗin ajiye mota kaɗai ake biya, kuma jirgin ƙasan cikin gari na Metrolink mai zuwa Bury yana tsayawa a bakin ƙofarsa.

Lokacin da surukata ta zo daga Kano can muka kai ta, muka shimfiɗa tabarma kusa da tafkin da ake hawa kwalekwale, ta yi sallar La'asar a kan ciyawa babu wanda ya ko ɗaga kai ya dube ta, yara kuma suka ƙi barin wurin awaki har sai da aka zo rufewa. Daga nan muka hau tudun da ya fi ko'ina tsawo a birnin ta hango gari, a hanyar komawa kuma muka tsaya Cheetham Hill muka sayi abincin halal. Sai dai cikin ginin ba kullum ake buɗe shi ba, kuma a watan Yuni bikin kiɗa na Parklife yakan cinye wani ɓangare na filin, don haka ki duba ranar tukuna.

Tatton, wanda ke garin Knutsford a wajen Manchester, yana da barewa da lambu irin na Japan, kuma Maurice Egerton ne ya bar wa National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi, shi a 1958, amma mota da kuɗinta, gida da nasa, lambu da gona ma kowanne da nasa.

Ki kuma yi hattara da masu tallar "tikitin rangwame" a WhatsApp da Facebook, domin shiga Heaton ba a biyan ko sisi. Idan wata rana kika yi niyyar Tatton, ki sayi tikiti a shafinsu ko a ƙofa.