Mawaƙa a yi hattara da 'yan "kawo in ɗora maka waƙa"

Jama'a dan Allah duk wanda yake da ƙani ko aboki mai waƙa ya tura masa wannan, musamman yaran nan masu tasowa da suke yawo sutudiyo-sutudiyo a Zoo Road da Kaduna da Jos. Akwai wasu mutane yanzu da suke bin mawaƙa a WhatsApp da Instagram, su ce maka su kamfanin rarraba waƙa ne, za su ɗora maka waƙarka a Spotify da Audiomack da Boomplay da Apple Music, kai dai ka zauna kana jin alat na dala. Wasu ma ba sa karɓar ko sisi da farko, to wannan kyautar ita ce tarkon.

Ga yadda abun yake. Spotify da Apple Music ba sa karɓar waƙa daga hannun mawaƙi kai tsaye, sai ta hanyar kamfanin rarrabawa irin su DistroKid ko TuneCore ko CD Baby, kuma kuɗin sauraro yana shiga ne akawun ɗin wanda ya ɗora. Shi mutumin nan zai buɗe akawun da imel ɗinsa da bankinsa, ya sa sunanka da hotonka a jikin waƙar, kai kana ta murna kana tura wa mutane wai ka shiga Spotify, alhali duk abun da ya shigo aljihunsa yake tafiya. In ka tambaya ya ce ai kuɗin sai bayan wata uku suke fitowa. Gaskiya ne ana samun jinkirin wata biyu zuwa uku, amma shi da wannan gaskiyar yake fakewa, wata uku ta koma shekara, daga nan ya daina ɗaga wayarka.

Wanda ya fi ciwo ma shi ne na YouTube. Zai saka waƙar a Content ID da sunansa, wato tsarin da yake gane sauti ya ce na wane ne. Ranar da ka ɗora bidiyon waƙarka, a tasharka, da muryarka, sai ka ga an rubuto maka wai wani ne mai ita, kuɗin tallan ya koma can. Kana iya ƙalubalanta, za a ba shi kwana 30 ya amsa, to amma da me zaka kare kanka in ka riga ka sa hannu a takardarsa?

Takardar nan fa ita ce komai. Shafi biyu ko uku ce da Turanci, ya ce maka ai ka'ida ce kawai sa hannu a nan, a ciki kuwa an rubuta ka sallama masa haƙƙin mallakar waƙar gaba ɗaya, a duk duniya, har abada, wani lokacin har da waƙoƙin da baka ma rubuta ba tukuna. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda Buhari ya sa wa hannu a 2023, ta ce sallama haƙƙi ko ba wa mutum ɗaya tilo izini baya tabbata sai a rubuce. Kaga kenan maganar baki bata raba ka da waƙarka, sa hannun nan ne yake raba ku. Kuma ba ƙaramin abu ka bayar ba, baitoci da karin waƙa doka tana kare su har shekara 70 bayan rasuwar mai su, shi kuma sautin da aka ɗauka a sutudiyo shekara 50 ne. Gadon 'ya'yanka ne ka miƙa saboda an ce za a sa ka a Spotify.

Sannan akwai masu cewa kawo kuɗi a yi maka rajista a NCC, wato Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, in ba haka ba waƙar ba taka bace. Ƙarya ne wlh. Da zarar ka rubuta ta ko an ɗauke ta, taka ce a doka. Hukumar tana da rajista ta intanet, tana da amfani a matsayin shaida in rigima ta taso, amma ba dole bace kuma da kanka zaka iya yi. Haka masu sayar da "sauraro dubu goma", na'ura ce take kunna waƙar ba mutane ba, Spotify na ganowa, tun 2024 ma har tara suke cin kamfanin rarrabawa a kai, ƙarshenta a sauke maka waƙar.

Ni shawarata, ka buɗe akawun ɗin da kanka, imel naka, banki naka, in ma wani zai taya ka to ya zauna kusa da kai ya nuna maka, kalmar sirri ta tsaya a wajenka. In kuma dole sai ka yi aiki da dillali, don akwai na kirki ban ce babu ba, to a rubuta izini ne ka ba shi na shekara kaza ba sayarwa ba, kasonsa nawa, yaushe zai riƙa nuna maka rahoton kuɗi, da yadda zaka karɓe waƙarka in kun ɓata. Ka kai wa lauya ya karanta, wanda ya ce sai yau-yau zaka sa hannu ka bar masa takardarsa. Ku kuma daidaita da mai kiɗa da mai sutudiyo da 'yan amshi tun kafin waƙar ta fita, a rubuce, don ana iya kwafe waƙa daga kwamfutar sutudiyo a ba wa irin waɗannan mutanen.

Wanda kuma an riga an yi masa, kar ya goge hirarsu ta WhatsApp, ya adana rasit da asalin fayil ɗin sutudiyo da takardar in yana da kwafi, ya rubuta wa kamfanin rarrabawar da aka yi amfani da shi yana neman a sauke waƙar, sannan ya kai ƙorafi ofishin NCC mafi kusa da shi. In an karɓi kuɗinsa da yaudara kuma wannan maganar 'yan sanda ce ko EFCC.