Rumbun alƙaluman addini na cibiyar Pew: na gwada shi da jihar Minnesota

Hukumar ƙidayar jama'a ta Amurka ba ta tambayar mutum addininsa, don haka mai neman sanin yawan Kirista ko Musulmi a wata jiha sai ya koma ga cibiyoyin bincike masu zaman kansu. Wadda ta fi suna a cikinsu ita ce cibiyar Pew da ke Washington, wadda ta gudanar da babban bincike kan addini a 2007 da 2014 da kuma 2023 zuwa 2024, kowane karo da mutum fiye da 35,000, sannan ta zuba sakamakon a intanet kyauta.

Amfani da rumbun ba shi da wahala, domin da zarar mutum ya zaɓi jiha sai alƙalumanta su bayyana. Babban alfanunsa shi ne damar kwatanta zamani da zamani. A faɗin ƙasar, masu kiran kansu Kirista sun sauko daga kashi 78 cikin 100 a 2007 zuwa kashi 62, yayin da waɗanda ba su jingina kansu ga kowane addini ba suka tashi daga kashi 16 zuwa 29. Minnesota, jihar da baƙi daga Jamus da Norway da Sweden suka cika da majami'un Lutheran da na Katolika, tana da Kirista kashi 74 a 2014, marasa addini kuma kashi 20, kuma sabon binciken ya nuna ita ma ta bi sahun ƙasar. Wani abin da ya burge ni shi ne rumbun bai tsaya ga sunan addini ba, yana tambayar yawan zuwa wurin ibada da yawan addu'a, wanda da shi ake gane cewa barin majami'a ba lallai ne ya zama barin imani da Allah ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne batun ƙananan al'ummomi, kuma dalilin da ya sa na zaɓi Minnesota ke nan. A nan ne Somaliyawa suka fi yawa a Amurka, daga nan Keith Ellison ya zama Musulmi na farko da aka zaɓa zuwa majalisar dokokin tarayya a 2006, Ilhan Omar ta gaje kujerarsa bayan zaɓen 2018, kuma a 2023 birnin Minneapolis ya amince a riƙa kiran salla da lasifika a dukkan lokuta biyar. Duk da haka, alƙaluman 2014 sun ba Musulmin jihar kashi 1 kacal. Da Turanci da Sifaniyanci kawai ake yin tambayoyin, saboda haka dattijuwar da ke unguwar Cedar-Riverside ta birnin Minneapolis wadda Somaliyanci kaɗai take ji da wuya muryarta ta shiga lissafi, haka ma tsofaffin 'yan ƙabilar Hmong, baƙi daga kudu maso gabashin Asiya, da ke St. Paul, babban birnin jihar. Ba a kuma ƙirga waɗanda ba su kai shekara 18 ba, alhali al'ummomin baƙi su ne masu tarin yara.

Akwai kuma sauyin hanya, domin binciken farko da na biyu ta wayar tarho aka yi su, na ukun kuwa akasari ta intanet da takarda, abin da cibiyar da kanta ta ja hankali a kansa. Ɗan jarida ko ɗalibin da ke son sanin inda akalar jiha ta dosa zai ƙaru da wannan rumbu ƙwarai, amma mai neman adadin masallatai a wata gunduma gara ya haɗa da ƙidayar wuraren ibada ta 2020 mai suna US Religion Census, aikin wata ƙungiya mai zaman kanta, wadda ke lissafa su gunduma bayan gunduma.