Ina za ka sayi kayan gyaran mota, yanzu da yaron shago bai san motarka ba?

Sau uku na je shago ɗaya a rana ɗaya saboda famfon ruwan injin. Na ce wa yaron shagon Camry ce, wadda ake kira Muscle. Bai tambaye ni komai ba, ya miƙa hannu kan kanta ya sauko da kwali. Muna isa gareji bakanike ya kara shi da tsohon, ya girgiza kai. Na koma, yaron ya ce ai duk ɗaya ne, bakaniken ne bai iya ɗaurawa ba. A zuwa na uku na tarar da maigidan, ya dubi tsohon famfon da na riƙo a leda ya ce, "Alhaji, ai taka ta 2010 ce, injinta daban." Gaskiyarsa. Camry ta 2007 zuwa 2009 mai silinda huɗu tana ɗauke da injin 2AZ mai lita 2.4, daga 2010 kuma aka koma 2AR mai lita 2.5. Suna ɗaya, jiki kusan ɗaya, ciki daban. Tambaya guda da yaron ya yi mini da safe, da ban ƙona man yini guda ba.

Ba na ɗora wa yaran nan laifin duka. A zamanin da kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, titunanmu 504 ce ta cika su, sai Volkswagen ta Legas da ƴan Datsun da Toyota. Mai shago na iya haddace kayan mota biyar ko shida har ya gane su da lalube cikin duhu. Yau kuwa Corolla kaɗai akwai ta Amurka, ta Turai, ta Japan da ta Dubai, kowace da nata sauye-sauyen, ga sensa da kwayil da na'urar kwamfuta waɗanda ido ba ya rarrabe su. Sannan zaman koyo ya ragu. Da, yaro kan shekara biyar, shida ko bakwai a gaban ubangida kafin a sallame shi. Yanzu da yawa wata uku suke yi su fara tsare shago su kaɗai, ubangidan yana Legas ko yana waya da masu kwantena. Faɗuwar naira ma ta taka rawa: dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a Fabrairun 2024, sai masu shago da dama suka cika kantocinsu da kaya masu araha, waɗanda ba a bukatar sani mai zurfi kafin a sayar da su. Abin da ya rage shi ne mai saye ya ɗauki ilimin da a da yake wurin mai sayarwa, kuma ya zaɓi inda zai je bisa irin kayan da yake nema.

Kafin a kai ga maganar wurare, akwai abin da ya kamata ya kasance a wayarka: hoton lambar shasi. Haruffa da alkaluma 17 ne, suna ƙasan gilashin gaba ta gefen direba da kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Na farkon yana nuna ƙasar da aka ƙera motar, J Japan ce, 1 da 4 da 5 Amurka, 2 Kanada, W Jamus, K Koriya. A motocin da aka yi wa kasuwar Amurka, na goma shi ne shekarar ƙira: 1 zuwa 9 na nufin 2001 zuwa 2009, A kuma 2010. Kada ka dogara da shekarar da dillali ya faɗa maka ranar ciniki, ko wadda aka rubuta a takardun kwastan. Da wannan lamba za ka shiga shafuka irin su Partsouq ko Amayama, su nuna maka zanen kowane sashe na motarka da lambar kowane ƙarfe. Lambar kayan Toyota gida goma ce, biyar a gaba, biyar a baya. Takalmin birkin gaba yana farawa da 04465, na baya 04466. Wanda ya shiga kasuwa da lamba da tsohon ƙarfe a hannu ba shi da bukatar yaron shago ya san komai, illa ya iya karatu.

Shagon bakin titi na unguwa shi ne mafi kusa, kuma shi ne inda sanin ya fi ƙaranci. Amfaninsa a kan ƙananan abubuwa ne: ƙwan fitila, fis, robar goge gilashi, kusoshi. A nan nake jin tsoron abu biyu. Na farko man giya. Sau da yawa ja ɗaya ake miƙa wa kowa, alhali Camry ta 2002 zuwa 2006 T-IV take sha, ta 2007 zuwa sama WS, Honda na da nata DW-1 wanda ya maye gurbin Z1, giya mai CVT kuwa, wato otomatik ɗin da ba ta da hawa-hawan giya, manta daban ne gaba ɗaya. Giya ba ta yin ƙara ranar da aka zuba mata man da ba nata ba. Sai bayan watanni ta fara fizga, a lokacin ba wanda zai tuna da galan ɗin. Na biyu baƙin mai. An saba da mai kauri, 20W-50, tun zamanin Peugeot, har wasu na rantsuwa cewa zafin Arewa shi yake so, amma injinan baya-bayan nan masu ƙananan hanyoyin mai an yi su ne don 5W-30 ko 5W-20 ko 0W-20. Dubi murfin man injinka, galibi an rubuta a kai.

Babbar kasuwa irin Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo da Zuba a Abuja, nan ne har yanzu ake samun masu sani na gaske, sai dai neman su ake yi. Ka'idata ita ce in guji shagon da ke sayar da komai na kowace mota, in nemi wanda ya tsaya a kan abu ɗaya: mai kayan ƙafar Honda kawai, mai kayan wutar Toyota kawai, mai Golf da Sharan kawai. Irin wannan mutum ya ga kayansa sun dawo sau ɗari, ya san wanne ke dawowa. Tun daga bakin kasuwa ƴan baranda za su tare ka da "Me ake nema, Yallaɓai?" Ba duka ne macuta ba, wasunsu sun fi masu shagon sanin lungu, amma ka sani la'adarsu a cikin kuɗinka take, kuma in kaya ya ƙi, ba su da shagon da za ka koma.

Ina da wata ƴar jarrabawa da nake yi wa shagon da ban sani ba. Nakan tambayi taimin bel na Corolla ta 2005. Injinta 1ZZ sarƙa yake amfani da ita, ba bel ba. Wanda ya ce "Malam, wannan ai sarƙa ce" na zauna da shi. Wanda ya shiga ciki nema, na yi masa sallama. Haka kuma ina lura da wanda ya fara tambayata silinda huɗu ce ko shida, ta Amurka ce ko ta Turai, kafin ya taɓa kanta.

A wannan kasuwa sabon kaya hawa-hawa ne, kuma a nan ake yawan ruɗa mutane da kalmar "orijina". Akwai wanda ke cikin kwalin kamfanin motar. Akwai na kamfanonin da su ne ainihin masu ƙera wa kamfanin motar: Denso da NGK a fulogi da sensa, Aisin a famfon ruwa da kuloc, KYB a shokazoba, Koyo da NSK a boris, Akebono a birki, Bosch a motocin Jamus. Denso ma daga cikin Toyota ta ɓalle a 1949. Kayan waɗannan a kwalinsu sau da yawa ya fi na kwalin kamfanin motar sauƙi, ingancin kuwa kusan ɗaya ne, kuma a ganina nan ne kuɗin mai ƙaramin ƙarfi ya fi yin aiki. Sai ɗan Taiwan da ɗan China masu ɗauke da sunan kansu, waɗanda wasunsu ba laifi. Mafi muni shi ne jabu da aka sa wa kwalin babban kamfani. Gara mini ɗan China da ya faɗi sunansa da fulogin da aka buga wa Denso na ƙarya, domin na farkon na san abin da na saya. Alamar jabu mafi sauƙi ita ce farashi: in fulogi mai iridiyom guda huɗu sun zo a kuɗin guda ɗaya, ba sa'a ka yi ba. Kuma ko gangariyar ce, lamba ta zama daidai. Injin 2AZ na ɗaukar SK20R11, 2AR kuma SK16HR11 mai doguwar wuya. Kama da wane ba ta wane. Fulogi mai doguwar wuya a injin da ba nasa ba na iya taɓa fistin.

Sai ƴan Beljiyam, masu kayan da aka kwance daga motocin waje. Sunan ne kawai ya tsaya a Beljiyam, yawancin kayan yanzu daga Amurka da Japan da Sharjah ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suke shigowa. Abin mamaki, a nan sanin bai ragu sosai ba, domin mutumin da ke kwance mota da hannunsa dole ya san cikinta. Ga injin, giya, ƙofa, fitila, madubi, kik, altaneta da kwamfaresan sanyi, Beljiyam mai kyau ya fi sabon ɗan China nesa ba kusa ba. Amma akwai abin da ba na saye tsoho ko da kyauta ne: takalmin birki, bel, matatar mai, robobin ƙafa da taya. Taya tana da ranar haihuwa a gefenta, alkaluma huɗu bayan rubutun DOT. 2319 na nufin mako na 23 na 2019, kuma hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta daɗe tana gargaɗin cewa bayan shekara huɗu a sauya ta. Hatsarin wannan layi shi ne kayan gida da aka wanke da fetur, aka fesa wa fenti, aka jera cikin na waje. Dubi kan kusoshi: in sun sha sifana, ko ka ga sabon gam a bakin injin, an taɓa buɗe shi. Ka yi cinikin kwanakin gwaji kafin cinikin kuɗi, a rubuta a rasit, a sa alamar fenti ko sa hannu a jikin ƙarfen don kada gobe a ce ba shi ba ne. Kayan wuta irin na'urar kwamfutar injin galibi ba a karɓar su in sun fita, saboda haka a kawo motar bakin shago a gwada. Wasu ma sai an haɗa su da makullin motar kafin ta tashi.

Dillalan da kamfani ya amince da su ba su da matsalar jabu, suna da kundin kaya a kwamfuta, suna ba da rasit na gaske. Tsada ce da su, kuma abin da suka fi ajiyewa na motocin da aka shigo da su sababbi ne, irin Hilux da Hiace da Prado. Mai tsohuwar motar gwanjon Amurka zai iya jin "sai mun yi oda". Duk da haka, ga sensar injin ko abin da ya shafi birki na mota mai tsada, nan zan fara.

Saye ta waya kuma ya zama ruwan dare: a turo maka hoto ta WhatsApp daga Ladipo a Legas ko Nkwo a Nnewi, ka tura kuɗi, a sa a motar haya. Akwai kayan da nan kaɗai za ka same su. Amma in bai dace ba, kuɗin mota zuwa da dawowa a kanka yake, motarka kuma na kan jak mako guda. Ba na yi sai da mutumin da wani na sani ya taɓa saye a wurinsa, kuma sai ya turo hoton lambar da ke jikin ƙarfen, ba ta kwali ba.

To, me zai hana ka ba bakanike kuɗin ya sayo? Mutane da yawa na ƙin haka saboda sun san yana ɗora nasa. Yana ɗorawa, ba musu. Amma ka auna abin da kake saye da wannan ƙarin: in kayan bai dace ba shi zai koma, mai shago kuma ba zai yi masa gardama ba domin gobe ma zai zo. In kai ka sayo, duk abin da ya faru "kayan da ka kawo ne". Tsakiyar da na samu ita ce mu je tare, ko ya kira ni daga shagon in yi magana da mai kayan, in tura kuɗin kai-tsaye, in biya shi kuɗin aikinsa da na zirga-zirga a fili. Kuma in ce a ajiye mini tsohon ƙarfen da kwalin sabon. Bakaniken da ya ɓata rai a kan wannan ya gaya maka abin da kake son sani.

Game da rubutun nan na "ba a mayar da kaya bayan an biya" da ke ƙasan rasit: dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar tarayya ta kare masu saye, FCCPC, ke aiki da ita, ta ba mai saye damar mayar da kayan da ke da aibi ko wanda bai dace da abin da aka bayyana ba. Sai dai ba wanda zai je Abuja a kan boris guda. Abin da ya fi aiki a kasuwa shi ne shugabannin layi da ƙungiyar ƴan kasuwar, kuma su ma abu na farko da za su tambaya shi ne rasit. Ka sa a rubuta sunan motar, shekararta, lambar kayan da sunan kamfanin da ya ƙera shi, ba "famfo 1" kawai ba. Kada bakanike ya shafa wa sabon ƙarfe gam ko mai sai an kara shi da tsohon, rami da rami, soket da soket. Famfon da na mayar sau biyu an karɓe shi ne kawai domin ledarsa ba ta yage ba.